Keke Mai Naɗewa: Sa'in da Kake Ɗaukarsa da Sa'in da Yake Ɗaukarka

A yawancin jiragen ƙasan da ke kwararo da ma'aikata cikin Landan da sassafe, an hana shiga da babban keke a lokacin cunkoso. Wanda kekensa ke naɗewa kuwa babu mai tare shi a ƙofa, domin a wajen hukumar jirgi abin da ke hannunsa kaya ne, daidai da jaka ko akwati. A Jamus ma kamfanin Deutsche Bahn yana lissafa naɗaɗɗen keke cikin kayan hannu, ba a yankar masa tikiti. Singafo ta sa ma'auni, ta ce kada ya wuce santimita 120 da 70 da 40. Japan kuwa ta ce sai an zura shi cikin jaka an rufe ruf, ko sirdi kada ya leƙo. Waɗannan dokoki, da ƙuncin ɗaki a manyan birane, da ɓarayin da ke yanke kwaɗon duk keken da ya kwana a waje, su ne suka raya kasuwar wannan keke. Mutum yana da tafiyar kilomita uku daga gida zuwa tasha, da wasu biyu daga tasha zuwa wurin aiki, ga kuma bene mai hawa uku a ƙarshen yini. Keken da zai raka shi duk waɗannan wurare shi ake nema.

Saboda haka duk keke mai naɗewa aiki biyu yake yi wa mai shi. Akwai lokacin da yake ɗaukarka a kan titi, akwai lokacin da kai kake ɗaukarsa a matattakala. Abin da ke sa shi daɗin tuƙi, wato babbar taya da dogon jiki mara gaɓa, shi ne ke sa shi wuyar ɗauka. Abin da ke sa shi ƙanƙancewa ya shige ƙarƙashin tebur kuma shi ke rage masa natsuwa a kan hanya mai gargada. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma babu kamfanin da ya taɓa warware wannan gaba ɗaya, duk abin da tallansa zai faɗa. Kowannensu ya zaɓi inda zai tsaya ne a tsakani. Ni a ganina mafi yawan masu nadamar sayen irin wannan keke ba mugun keke suka saya ba. Sun sayi wanda aka ƙera don rayuwar wani ne, domin ba su zauna sun tambayi kansu sau nawa za su naɗe shi a yini, da kuma nisan da za su yi da shi a hannu ba.

Tunanin ya tsufa. Tun a shekarun 1890 sojojin Faransa suka gwada keken da soja zai naɗe ya goya, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma kamfanin BSA ya ƙera wa sojojin laima na Birtaniya irinsa. Amma wanda ya buɗe ƙofar zamani shi ne Alex Moulton, injiniyan da ya tsara robar da ke tausasa tafiyar motar Mini. A 1962 ya fito da keke mai ƙananan tayoyi masu iska sosai, ya haɗa masa sifirin gaba da baya, ya nuna cewa ƙaramar taya ba ta yara kaɗai ba ce. Kamfanin Raleigh, wanda sunansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ya biyo baya da Raleigh Twenty a ƙarshen shekarun 1960. A 1975 Andrew Ritchie ya fara zana nasa a ɗakinsa da ke kallon cocin Brompton Oratory a Landan, daga nan sunan Brompton ya samo asali, kodayake sai a 1988 aka fara ƙera shi gadan-gadan. A Amurka kuma David Hon, masanin kimiyya a kamfanin ƙera jiragen sama na Hughes, ya ajiye aikinsa ya kafa Dahon a 1982. Manyan kamfanonin keke ba su karɓi zanensa ba, sai ya tafi Taiwan ya kafa masana'antarsa. Yawancin abin da ke kasuwa a yau zuriyar kekunan Ritchie da Hon ne, ko kwaikwayonsu.

Kafin a kalli suna ko fenti, taya ya kamata a fara dubawa, domin ita ce ke yanke kusan komai. A nan kuma akwai tarkon da ke kama ko tsofaffin masu keke. Abin da 'yan kasuwa ke kira inci 16 iri biyu ne, inci 20 ma iri biyu ne, kuma ba sa shiga rim ɗin juna. Ainihin ma'aunin yana rubuce a gefen tayar, lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, misali 35-349. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kuma faɗin da'irar rim, duka a milimita. Brompton 349 yake ɗauka. Kekunan yara da wasu ƙananan Dahon, waɗanda su ma ake ce musu inci 16, 305 ne. A inci 20 akwai 406, wanda shi ne na kekunan BMX da na yara masu tasowa, akwai kuma 451 na masu son gudu. Wani keke mai suna Birdy yana da nasa, 355, da ake kira inci 18 alhali milimita shida kacal ya fi na Brompton. Wannan lamba ba ƙaramin abu ba ce. Tayar 406 kusan duk garin da ake sayar da keken yara za a same ta, ko da ba mai kyau ba ce, za ta kai ka gida. Tayar 349 ko 355 kuwa, in ta yage a ƙauye, tafiya ta tsaya sai an aiko daga birni.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, wai mai ƙaramar taya sai ya yi ta murza feda ninki biyu kafin ya kamo mai babba. Giya ce ke gyara wannan. Tayar Brompton tana cin kimanin mita 1.3 a juyi ɗaya, ta 406 kimanin mita 1.5, ta babban keken tsere kuma kimanin mita 2.1. In aka sa wa duka faifan sarƙa na gaba mai haƙora 50 da na baya mai 16, ƙaramin zai ci mita huɗu da 'yan kai a kowane zagayen feda, babban ya ci kimanin shida da rabi. Shi ya sa ake sa wa ƙananan kekuna babban faifai a gaba da ƙarami a baya, sai lissafi ya daidaita. A titi mai santsi, da iska isasshiya a taya, bambancin gudu kaɗan ne, a cikin gari ma ƙaramar taya ta fi saurin zabura daga tsaye.

Inda ƙaramar taya ke biyan bashi shi ne a rami da yashi da tsakuwa. Ramin da babbar taya za ta haye ta gefensa, ƙaramar faɗawa take yi ciki, bugun ya taso ta kan keken ya shiga wuyan hannu. A yashi tana nutsewa. Kan keken kuma yana da saurin juyawa, wanda ya saba da babban keke zai ji kamar yana rawa a kwanakin farko, kafin hannu ya saba. Sannan a kilomita ɗaya tayar Brompton tana juyawa kusan sau 760, babba kuwa kusan sau 480, don haka taya da rim da boris duk sun fi saurin cinyewa. A doguwar gangara, in birkin mai matse rim ne, ƙaramin rim yana saurin ɗaukar zafi, zafin kuma yana iya fasa tiyub. Wanda zai sauko daga dutse da kaya a kan irin wannan keke ya riƙa tsayawa yana taɓa rim, in ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba ya dakata ya huce.

Wanda ya tsaya a bakin tasha a Landan ya kalli mai Brompton yana naɗe kekensa zai gane dalilin da ya sa ake biyan kuɗin da ake biya. Yana sauka sai ya ɗaga bayan keken, tayar baya ta lilo ta shige ƙarƙashin jiki, keken ya zauna da kansa a kan wasu ƙananan wiloli. Ya kwance maɗaurin tsakiya, ya juyo da tayar gaba ta dawo ta jeru da ta baya, wata 'yar ƙugiya ta kama. Ya saki sirdi ya zame ƙasa, sandarsa ita ce sakatar da ke kulle komai. Ya kwantar da kan keken, ya lanƙwashe fedar hagu. Ga wanda ya saba, daƙiƙa ashirin ta isa. Abin da ya rage a ƙasa dunƙule ne mai santimita 58.5 da 56.5 da 27, kuma sarƙar da ke da baƙin mai tana ciki tsakanin tayoyin biyu, ba za ta shafi wandon na kusa da kai a jirgi ba. Wannan ɗan abu na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Jikin keken ƙarfe ne, ana haɗa shi da hannu a masana'antarsu ta Greenford a yammacin Landan, nauyin na yau da kullum, C Line, kimanin kilo 12 ne, farashinsa kuma ya haura fam 1,000. Aibinsa shi ne yawancin kayansa nasa ne shi kaɗai. Ba ka shiga kowace rumfar gyara ka ce a ba ka abin ja da sarƙa na Brompton.

Dahon da danginsa wata hanya suka bi. Gaɓa ɗaya ce a tsakiyar jiki, keken ya ninke biyu, tayar gaba ta haɗu da ta baya, maganaɗisu ya riƙe su. Naɗin yana da sauƙin koyo, amma dunƙulen ya kusa ninka na Brompton a girma, a yawancinsu kuma sarƙa tana waje. Abin da aka samu a madadin haka shi ne tayar 406, da giya da birki irin na kowane keke, waɗanda duk mai gyara ya san su, ga farashi daga mai sauƙi har mai tsada. Tern, wanda Joshua Hon, ɗan David Hon, da mahaifiyarsa Florence suka kafa a Taiwan a 2011, tsarinsa ɗaya ne, sai dai sun ba da ƙarfi wajen kaurara gaɓar da sandar kan keke don rage lanƙwasa. Kamfanin Decathlon na Faransa ma yana da nasa masu araha a kan wannan tsari. Ga mutumin da zai naɗe keke sau ɗaya ko biyu a yini, ya sa a but ɗin mota ko ya jingina a lungun ofis, wannan dangi ne zan fara nuna masa, kuma sau da yawa a nan zancen yake ƙarewa.

Birdy, wanda Markus Riese da Heiko Müller suka tsara a Darmstadt ta Jamus aka fara sayarwa a 1995, ya kauce wa gaɓar tsakiya ɗungurungum. Jikinsa guda ne, tayoyin ne ke lilowa su shige ƙarƙashi, kuma wuraren da suke lilowar su ne sifirin ɗinsa na gaba da baya. Yana da daɗi a hanya mara kyau, yana da tsada, ga matsalar tayar 355 da aka ambata. Bike Friday na garin Eugene a jihar Oregon, wanda 'yan'uwa biyu Hanz da Alan Scholz suka fara a 1992, da matafiyi aka yi shi tun farko. Ana ƙera shi daidai tsawon mai shi, ana kwance shi a shirya cikin akwatin tafiya, in an sauka daga jirgin sama a ɗaura wa akwatin tayoyi biyu ya zama tirela, keken ya ja shi. Shiryawar tana cin lokaci da 'yan makullai, ba abin yi ba ne a bakin tasha kowace safiya. Montague na Amurka kuwa cikakkiyar babbar taya yake da ita, tuƙinsa na babban keke ne sak, amma ko an naɗe shi sai an cire tayar gaba, kuma ba zai shiga ƙarƙashin kujerar kowa ba. Shi kansa Brompton ya amsa cewa ƙaramar taya tana da iyaka, tunda a 2024 ya fito da G Line mai inci 20 da faffaɗar taya da birkin faifai, wanda ya fi na asali girma da nauyi.

To, ta yaya mutum zai zaɓa? Ya bi tafiyarsa ta yau da kullum a zuci, daga ƙofar ɗaki har kujerar aiki, ya ƙirga wuraren da keken zai bar ƙasa. Wanda zai shiga jirgi ko bas mai cunkoso safe da yamma, ya naɗe sau huɗu ko fiye a yini, ƙanƙantar dunƙule ita ce komai a wajensa, kuma kuɗin Brompton ko makamancinsa ba asara ba ne. Wanda tafiyarsa kilomita goma sha biyar ce a kan titi mai faci-faci, naɗewa kuma sai dare in zai shigar da shi ɗaki, ya nemi inci 20 mai faffaɗar taya. Wanda kuma yake da wurin ajiya a gida da wurin aiki, ba ya shiga jirgi, ba ya hawa bene, gaskiyar magana ba ya bukatar keke mai naɗewa. Da kuɗin zai sami babban keke da ya fi shi sauƙi da ƙarko.

A shago kada a tsaya ga zagaye ɗaya a farfajiya. A naɗe keken da hannun kai, sau uku, ba mai shago ya naɗe yana murmushi ba. A ɗauke shi a hau matattakala in akwai. Kilo 12 a takarda ba komai ba ne, amma a hannu ɗaya, a hawa na uku, ga jakar kwamfuta a kafaɗa, wani abu ne daban, kilo 15 kuwa, wanda shi ne nauyin yawancin masu araha, yana sa mutum ya fara barin keken a ƙasa, daga nan kuma amfanin naɗewar ya tafi. A duba ko dunƙulen yana tsayuwa da kansa, ko yana wargajewa in an ɗaga, ko ana iya tura shi a kan wilolinsa a doguwar barandar tasha. Sai batun tsawo. Yawancin waɗannan kekuna girma ɗaya ake yin su, sirdi kawai ake ɗagawa. Dogon mutum ya tabbatar sandar sirdi ta kai masa ba tare da ta wuce alamar iyaka da aka zana a jikinta ba, domin wuce wannan alama yana tsaga jikin keke. Mai jiki kuma ya karanta iyakar nauyi, wadda a yawancinsu take tsakanin kilo 105 da 110, a wasu ma har da kayan da aka ɗora.

Doguwar tafiya a kan ƙaramar taya abu ne mai yiwuwa, an kuma yi. Heinz Stücke, Bajamushen da ya bar garinsu Hövelhof a 1962 ya shafe sama da shekara hamsin yana zaga duniya a keke, ya yi yawancin tafiyarsa a kan wani tsohon keke mai nauyi mai giya uku, amma a shekarunsa na baya ya koma kan masu naɗewa, har da Brompton. Abin da ke jan matafiya a nan shi ne 'yancin tsallake wuri. In hanya ta lalace, ko ruwa ya tsuge, ko jiki ya gaza, sai a naɗe a shiga mota. Kamfanonin jiragen sama da yawa suna karɓar akwatin da jimillar tsawo da faɗi da kaurinsa ba ta wuce santimita 158 ba, nauyi kuma kilo 23, a matsayin kaya na yau da kullum. Jimillar naɗaɗɗen Brompton 142 ce. Mai sha'awar na lantarki kuwa ya sani cewa ba a yarda fasinja ya shiga jirgin sama da batirin da ya wuce awon Wh 160 ba, batirin kekunan lantarki kuma kusan dukkansu sun wuce haka.

A nan ne gyare-gyare ke shigowa, kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan abin da ya kamata a fara da shi. Giya ce ta farko. Masana'anta suna saita keke don titin birni da mutum mara kaya. Brompton mai giya shida, da faifansa na asali mai haƙora 50, yana ba da daga kimanin mita 2.6 zuwa 7.9 a zagayen feda. In aka sauya zuwa mai haƙora 44, komai ya sauka da kashi 12 cikin ɗari, ya koma daga 2.3 zuwa 7. An rasa ɗan gudu a gangara, wanda mai kaya ba ya bukata, an sami sauƙi a hawan tudu, wanda gwiwa ke bukata kowace rana. Kuɗin wannan sauyi kaɗan ne, amfaninsa kuma ya fi na duk wani abu da za a saya wa keken. Mai shirin hawan duwatsu da kaya ma zai so ya sauka ƙasa da mita biyu, abin da ya fi sauƙin samu a kan inci 20 mai kayan giya na gama-gari. Akwai kuma giyar da ke rufe cikin cibiyar taya, irin Shimano Nexus mai takwas, ko Alfine mai goma sha ɗaya, ko Rohloff ta Jamus mai goma sha huɗu wadda kuɗinta kaɗai ya kai na wani keken. Tana da nauyi, amma ƙura ba ta shigarta, ana sauya ta ko a tsaye, kuma ta raba mutum da matsalar abin sauya giya na waje, wanda a ƙaramar taya yake rataye dab da ƙasa, yana shan ƙasa yana karo da dutse.

Ta biyu taya. Faffaɗa mai iska matsakaiciya, irin Schwalbe Big Apple mai milimita 50, tana yi wa inci 20 aikin sifirin, in dai jikin keken da madigadi sun bar mata wuri. Brompton na asali ba ya ɗaukar abin da ya wuce milimita 35 da 'yan kai, don haka a can zaɓin yana tsakanin mai gudu da mai jure ƙaya. Ga mai zuwa aiki, Marathon ko Marathon Plus mai kaurin ciki ta fi, duk da nauyinta, saboda dalilin da sai wanda ya taɓa yin faci a bayan Brompton ya san shi. Sai ka nemo sifana mai lamba 15, ka kwance 'yar siririyar sarƙar da ke shiga cikin cibiya, ka cire abin ja da sarƙa wanda sifirinsa ke son tsalle, ka lura da yadda wasu ƙananan washa suka zauna don ka mayar da su daidai, sannan ka fara kokawa da ƙaramar taya mai taurin baki. In an gama kuma sai an sake saita giya. Duk mai irin wannan keke ya gwada aikin nan a tsakar gida da rana tsaka, kafin ranar da zai same shi a bakin titi da magariba.

Ta uku wuraren da jiki ke taɓa keke. Sirdin da ya dace da ƙugun mutum, ko na fata irin Brooks B17 da ke ɗaukar siffar mai shi a hankali, ko wani daban, domin ba kowa fata ke yi wa daɗi ba. Mariƙi mai faɗi da ke tallafe tafin hannu, irin na Ergon, da 'yan ƙahoni a gefe don hannu ya sami wurin sauya zama, tunda riƙo ɗaya na awa huɗu yana kashe yatsu. Feda mai faɗi wadda ake zarewa, irin ta MKS ta Japan, ta fi yawancin masu lanƙwashewa ƙarfi. Amma duk abin da aka ƙara a kan keken a sake naɗe shi a gani. Ƙahon da ya yi tsawo zai tokare ƙasa ko ya shiga wayoyin taya, madubi ko mariƙin waya zai hana kan keken kwanciya.

Sai kaya. Mafi kyawun dabarar Brompton bayan naɗinsa ita ce ɗan tubalin da ke gaba, wanda ake maƙala jaka a kai. A jikin keken yake, ba a kan abin juyawa ba, don haka jaka mai kilo goma ba ta jan hannu, hasali ma tana danne gaban keken ta ƙara masa natsuwa. Dahon da Tern da yawa suna da ramukan noti a wuri ɗaya don irin wannan. A baya kuwa, kariyar ƙaramin keke tana ƙasa-ƙasa kuma kusa da feda, manyan jakunkunan gefe sai dunduniya ta riƙa dukansu. Ƙananan jakunkuna, ko jaka ɗaya a tsaye a kan kariya a jingine da sandar sirdi, sun fi dacewa. Fitila mai samun wuta daga cibiyar tayar gaba tana raba mutum da cajin batiri, sai dai a tuna fitilun ƙaramin keke suna kusa da ƙasa, direban babbar mota ba lalle ya gan su ba, don haka a ƙara wata a jikin sirdi ko a jaka.

Akwai wani nau'in gyara da ya bunƙasa a Singafo da Indunusiya da Koriya ta Kudu da Japan, inda Brompton ya zama abin ado da nuna hali. Ana sauya kowane noti da na titaniyam, a sa maɗaurai masu launi, a kashe kuɗin da ya fi na keken don a rage 'yan giram. Ba na ganin laifin mai son kekensa ya yi kyau, kuma wanda ke hawa bene kullum yana da hujjar neman sauƙi. Kamfanin da kansa ya fitar da T Line na titaniyam a 2022, mai ƙasa da kilo takwas, a kan kuɗin da ya kusa fam 4,000. Abin da ke damuna shi ne sauya sassan da rai ya rataya a kansu da wasu marasa asali da aka saya a intanet saboda sun fi sauƙi ko sheƙi. Maɗaurin gaɓa, da sandar kan keke, da sandar sirdi, da birki, in ɗayansu ya karye ana cikin gudu, fuska ce ke fara isa kwalta. Waɗannan a bar su yadda masana'anta ta yi su, ko a saya daga wanda aka san ya gwada kayansa.

Haka batun kwaikwayo. Haƙƙin ƙirƙirar naɗin Brompton ya daɗe da ƙarewa, kamfanoni da dama a Asiya suna yin masu kama da shi a kan kaso kaɗan na farashinsa, har rigimar ɗaya daga cikinsu, Chedech na Koriya ta Kudu, ta kai gaban Kotun Tarayyar Turai a 2020. Wasunsu suna da kyau daidai kuɗinsu. Tambayar da za a yi wa mai sayarwa ita ce inda za a sami kayan gyara bayan shekara uku, da wanda zai amsa in jikin ya tsage.

A kasuwanninmu yawancin masu naɗewa gwanjo ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso, kuma tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 masu tambayar keke sun ƙaru. Mai sayen na hannu ya fara da lambar gefen taya, in 406 ce ya sami sauƙi, domin ita ce mai faci na unguwa zai iya nemo wa tiyub. Sannan ya duƙa a kan gaɓar tsakiya. Ya goge ƙura da tsumma, ya haska da fitilar waya, ya bi bakin walda a hankali, sama da ƙasa, musamman ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Siririn layi kamar gashi a cikin fenti, ko wurin da fenti ya kumbura, ko sabon fenti a wannan wuri kaɗai, duk alamun tsaga ne. Ya kulle maɗaurin, ya ji ko yana rufuwa da ɗan ƙarfi ko kuwa sakwaf yake faɗawa, ya tabbatar 'yar sakatar da ke hana shi buɗewa da kansa tana nan. Ya matse birkin gaba, ya tura keken gaba da baya, ya saurara. In akwai ƙwas-ƙwas a gaɓar jiki ko a gindin sandar kan keke, wani lokaci ɗaure noti ne kawai, wani lokaci kuma ramin ƙusar ne ya cinye, wanda gyaransa ke da wuya. Ya zaro sandar sirdi gaba ɗaya ya duba bakin bututun da take shiga, nan ma wurin tsagewa ne. Ya shafa gefen rim da yatsa, in ya yi kwarmi to birki ya cinye shi, sauyi ya zo. Ya kuma kanga maganaɗisu a jikin keken don ya san ko ƙarfe ne ko alminiyam. Na ƙarfe, in ya tsage a wurin da ba gaɓa ba, ƙwararren mai walda zai iya ceto shi. Na alminiyam kuwa waldarsa tana bukatar na'ura ta musamman da gashi a tanda bayan an gama, in ba haka ba wurin zai fi da rauni, don haka tsagaggen jikin alminiyam a bar wa mai shi kayansa ko nawa ya rage.